Ramin Ma'adini Da Alhakin Rai

 

Akwai hadisin Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, wanda Imam Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma suka ruwaito shi, mai nuna cewa wanda ya halaka a ramin ma'adini ko a rijiya, ba a bin kowa diyyarsa. Malamai suka misalta shi da mutumin da aka ɗauka aikin haƙa bisa lada, rami ya rufta masa ba da laifin kowa ba. To, shin wannan hadisi yana iya zama mafaka ga kowane mai ramin zinariya a wannan zamani?

Abin da ya auku a Zamfara cikin 2010 ya isa abin dubawa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara ƙanana suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa, har aka ƙiyasta an rasa kimanin 400. Da fari an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. Da likitocin ƙungiyar MSF da masu bincike suka auna jinin yaran da ƙasar gidajensu, sai ta bayyana dalma ce. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da ita, ana niƙa shi a busashe cikin gari, har cikin gidaje, ƙura ta sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin fitar da gubar daga jini. Bincike kuma ya nuna cewa jiƙa dutse da ruwa lokacin niƙa, da nisantar da aikin daga gari, da wanka da canja tufafi kafin a koma gida, suna rage haɗarin ƙwarai.

A nan ne hukunci yake juyawa. Imam Malik kansa bai bar hadisin a sake ba, domin ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi, inda bai halatta gare shi ba, shi ke da lamunin abin da ta jawo. Watau rangwamen na wanda bai ƙetare iyaka ba ne, bai kuma yi sakaci ba. Magidancin Dareta da ya niƙa dutse a tsakar gidansa kafin 2010 bai san abin da ke ciki ba, ya binne ɗansa yana cewa ajali ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma fa wanda ya sa lebura niƙa a busashe bayan an sanar da shi, don kawai ya huta da kuɗin ruwa, ba shi da wannan uzuri. Ambaton ƙaddara a bakinsa ba ya sauke masa nauyi, tun da Sayyidina Umar ma ya juya da jama'a daga hanyar Sham sa'ad da ya sami labarin annoba, alhali ya fi kowa a yau imani da ƙaddara.

Lebura kuwa, wanda yunwa ta tura rami, alhakinsa bai kai na ubangidansa ba, ko da shi ma ya ji gargaɗi. Mai injin da mai sayen zinariya da hukumar da ke da ikon hanawa, su ne suka fi ƙarfin gyara, saboda haka nauyinsu ya fi.

Sauran tambaya ita ce ta wanda labari bai kai gare shi ba. Cikin 2015, shekara biyar bayan musibar Zamfara, irin wannan guba ta kashe yara a yankin Rafi na Jihar Neja, alhali an riga an san cutar da maganinta. Auna jini da ƙasa aikin masana ne, farilla ce ta kifaya a kansu. Isar da sakamakon ga ƙauyen da bai ji ba kuwa, limamin Juma'a da dagaci da malamin makarantar allo duk suna da rabo a cikinsa, domin su ne mutanen ƙauye suke saurara.