Kafin Ka Miƙa Kuɗin Man Ayu

Ɗana, ka san motar masu magani da kan tsaya bakin kasuwa da lasifika a ka, mai ita ya ɗaga 'yar kwalba yana rantse-rantse cewa man ayu ne na asali, wadda ta yi amfani da shi mijinta ba zai sake kallon waje ba. Jama'a na dariya, kuɗi na fita daga aljihu. A Bacirawa ba mu da teku, ba mu da babban kogi, amma hannunmu na kaiwa cikin ruwa ta wannan kwalba.

Ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai shaƙar iska, mai shayar da ɗanta nono, abincinta ciyawar ruwa. Tana zaune a gaɓar teku tun daga Senegal har Angola, ta kuma shigo kogunan Kwara da Binuwai. Ba ta cizo, ba ta da saurin tsere wa mai mashi. Abin da nake so ka riƙe shi ne haihuwarta: ciki kusan shekara guda, ɗa ɗaya tal, sannan a jima kafin wani. Idan aka soke uwa, ɗan da ke bin ta ma da wuya ya kai labari. Shi ya sa a 2013, a taron Bangkok, ƙasashen duniya suka hana cinikin ayun Afirka tsakanin ƙasa da ƙasa. Za ka ce ai yawancin na kwalbar jabu ne. To, ko jabun ka saya, ka ƙara wa sunan daraja, darajar kuwa ita ke tura mafarauci cikin kwale-kwale da tsakar dare.

Masunci ba mugu ba ne, iyali gare shi. Wa'azi kaɗai ba ya sauke mashi daga hannun mai jin yunwa, sai in ya ga dabbar a raye ta fi kawo masa abin cefane. A Crystal River ta jihar Fulorida a Amurka, 'yan uwan ayunmu kan taru a maɓuɓɓugan ruwan ɗumi lokacin sanyi, kuma tun 1983 aka keɓe musu wurin. Baƙi na biyan masu jirgi a kai su kallo kawai. Ayu ɗaya ya ciyar da mai jirgi bana, ya ciyar da shi baɗi, kamar saniyar tatsa da ba a kai ta mahauta ba.

Kada ka ɗauka dabarar Turawa ce. Je ka Argungu. Bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ya tsayu ne a kan hani: ba a su a kogin Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, Sarkin Ruwa na tsare da wurin. Ranar kuwa dubban masunta su ruga ruwa da homa da gora, a fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Mai masauki ya samu, mai tuwo ta samu, ɗan acaɓa ya samu. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake adanawa. Da an bar kowa ya yi su yadda ya ga dama duk shekara, me baƙo zai zo gani?

Sai dai kar in yi maka daɗin baki, wannan hanya tana da rauni. Baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron ransa. Bikin Argungu kansa ya yi kusan shekara 10 a kwance kafin a farfaɗo da shi a 2020. A Kure ta Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa kamar 50 a 1996, aka kula da su har suka haura 600, 'yan rakiya na ƙauyukan suna cin abinci da masu zuwa kallo. A watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, ƙafar baƙi ta ɗauke. Haka kuma in kuɗin shiga ya tsaya a ofis bai gangaro wa mai kwale-kwale ba, gobe zai koma ga tarkonsa, kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Don haka baƙon da ya fi dorewa shi ne na gida, wato kai. Idan Allah ya hore maka bayan an kai amfanin gona gida, ɗauki ƙannenka ku nufi Dagona ta jihar Yobe ko Baturiya ta Jigawa cikin hunturu, lokacin da agwagin ruwa ke sauka daga Turai. Ka biya mai kwale-kwale abin da ya faɗa ba tare da dogon ciniki ba, ka tambaye shi sunayen tsuntsayen, ka bar danƙon harbi a gida. Idan wani ya ja ka gefe ya buɗe buhu ya nuna maka fata ko ƙwai ko kwalbar mai, ka ce masa kallo ya kawo ka, ka kuma faɗa da ƙarfi yadda mai kwale-kwalen zai ji.