Caca, Lada da Aure: Uwarsu Ɗaya

Kalmar wager, wadda Turawan Ingila ke nufin caca da ita, ba a Ingila aka haife ta ba. Ta shigo ne da harshen Normawa, waɗanda suka ci ƙasar a 1066, daga kalmarsu wagier, wato ajiye jingina. Faransancin da muke ji a nan Bangui ma yana da 'yar'uwarta, gage. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wage, ladan ma'aikaci, da wed, ɗaura aure, duk tushensu ɗaya da ita.

To, in duka ukun jingina ce, me ya sa biyu suka halatta, ɗaya ta haramta? Samarin Kilomita Biyar masu zuba sefa a kan ƙwallon Turai sukan ce mini ai fatauci ma kasada ce, tunda mai ɗauko kaya daga Duwala bai san abin da hanya ta tanadar masa ba.

Haka ne. Amma in kayan sun iso, direba ya samu, ɗan dako ya samu, mai saye ya biya buƙatarsa. A caca kuwa, babu mai ci sai wani ya yi kuka. Jingina ta gaskiya ana ajiye ta ne don a cika alkawari ta koma hannun mai ita. Ɗan caca yana ajiye tasa ne da fatan ɗan'uwansa ya rasa tasa.