Masu Ajiyar Ƙarshen Duniya

Akwai finafinan da labarinsu ke farawa bayan komai ya ƙare: birane sun zama kufai, ruwan sha ya fi zinare daraja, mutum yana farautar ɗan'uwansa. Da yawanmu mun san Mad Max. Sai dai masu tara finafinai ba shi suke bi ba. Su waɗanda aka manta suke nema, irin waɗanda 'yan Italiya suka riƙa yi da kuɗi ƙalilan bayan Mad Max 2 ya yi kasuwa a 1981, ko Letters from a Dead Man da Konstantin Lopushansky ya shirya a Tarayyar Sobiyet a 1986.

Ba za mu raina aikinsu ba. A 1965 Peter Watkins ya shirya wa BBC The War Game, a kan abin da bam ɗin nukiliya zai yi wa Ingila. BBC ta ƙi nuna shi a talabijin sai 1985, alhali ya ci kyautar Oscar tun 1967. Fim yana iya ɓacewa don hukuma ta ji tsoronsa, ko don kaset ya ci ƙura ya lalace. Kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera injin kallon kaset, ya daina a 2016. Mu da muka taɓa neman kaset ɗin Kannywood na farko-farko muka rasa, mun san darajar wanda ya adana.

Amma ga abin da ke damunmu. Daɗin mai tarawa yana ƙaruwa ne idan abin ya yi ƙaranci. Ranar da aka gyara wani tsohon fim aka sake fitar da shi kowa ya samu, akwai mai tarawar da ransa ke ɓaci, don kaset ɗinsa ya faɗi. To, amana yake riƙe da ita, ko rowa yake yi?

Abin dariya, mugun da ke cikin finafinan nan kusan kullum mutum ɗaya ne: wanda ya zauna a kan rijiya ko tankin mai, ya sa kwaɗo, jama'a suna layi a ƙofarsa. Watkins kuwa ya yi fim ɗinsa ne don mutane su gani su firgita, su tuhumi shugabanninsu. Kaset ɗin da ke cikin leda, ba a taɓa buɗe shi ba don kada farashinsa ya ragu, bai firgita kowa ba tukuna.