Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

An fi jawo wannan karin magana idan ma'aurata sun saɓa har magulmaci ya samu kunnen da zai hura wa, ko 'yan'uwa sun ɓata a kan gado. Abin lura, masu maganar ba su ɓata bakinsu wajen zagin ƙadangare ba. Shi dama kullum yana nan yana kewaye gida. Hankalinsu na kan tsagar.

Likitan ƙashi ya fi kowa gane wannan. A ce mota ta kaɗe ɗan acaɓa a shataletalen Wunti da ke Bauchi ko kan hanyar Jos. Ƙwauri ne kan sha wuya, domin gabansa ba tsoka, fata ce kawai a kan ƙashi, da ya karye sai ya huda ta ya leƙo. Jama'a su taru ana salati, kowa idonsa a kan ƙashin. Amma in an kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, raunin ne zai fi damun likita, don ƙasar titi da baƙin mai da yagaggen wando sun riga sun raka ƙwayoyin cuta ciki. Tun 1976 likitoci biyu a Amurka, Gustilo da Anderson, suka kasa irin wannan karaya gida uku, kuma girman raunin da yadda nama ya dagargaje suka duba.

Saboda haka ba da ƙarfe ake farawa ba. Allurar kashe ƙwayoyin cuta tukuna, cikin awar farko in da hali, da ta tetanus, sannan a shiga tiyata a wanke raunin da ruwa mai yawa, a yanke duk naman da ya mutu. Sai an gamsu da tsabtarsa ake zura sandar ƙarfe daga wajen gwiwa ta bi ramin ɓargo, a kafe ta da kusoshi sama da ƙasa don kada ƙashin ya murɗe ko ya gajarce. Wani Bajamushe, Gerhard Küntscher, ya fara wannan dabara ta zura sanda a birnin Kiel a 1939, a ƙashin cinya. Amfaninta a fili yake: gwiwa da idon sawu ba sa sandarewa, rauni yana buɗe ga mai wanke shi, mutum ya tashi da sanda da wuri. In kuwa wurin ya ƙazantu ainun, likita kan riƙe ƙashin da ƙarafa ta waje ya saurara, domin ƙwayar cuta in ta manne wa ƙarfe a cikin ɓargo, magani da ƙyar yake cim mata.

Ban raina masu ɗori ba. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuɗin tiyata kuwa kan sa a sayar da akuya, wani lokaci har gona. Sai dai wanda ya naɗe buɗaɗɗen rauni da kara da tsumma ya yaɓe bango ne da ƙadangaren a ciki. Kwana kaɗan ƙafa ta kumbura, ɗaurin ya datse jini, mugunya ta taru, yatsu su yi baƙi. A lokacin ne ake sa shi a mota sai asibiti, likita ya duba ya ce ba makawa sai an yanke. Dangi su koma unguwa suna cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, wanda zai karye gobe kuma yana zaune yana ji.