Ina 'Ya'yanmu Suke Bayan Sallar Isha'i?

Jama'ar Kiyawa, iyayenmu da malamanmu da masu unguwanni:

Wani ƙanena da ke aiki a Abuja ya zo ganin gida, yana ba mu labarin wani gidan barkwanci da ake biyan kuɗi a shiga: mai ban dariya yana kan dandamali, a gefe kuma ana gauraya giya da ruwan 'ya'yan itace ana miƙa wa mutane. Muka yi a'uziyya, muka gode wa Allah da babu irinsa a garinmu. Haka ne kuwa. Tun shekarar 2000 Jigawa ta rungumi Shari'a, Hisbah tana aikinta, kuma ba wanda zai kafa allon mashaya a bakin titi.

Amma ranar wata kasuwar Shuwarin na dawo da dare, na tsaya wurin mai shayi. Bayan wani kango samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon barkwanci, kwalbar lemo tana zagayawa hannu zuwa hannu. Ɗayansu ɗan maƙwabcinmu ne. Ya gaishe ni, harshensa ya yi nauyi, idonsa a lumshe. Ba lemo kaɗai ke cikin kwalbar ba. Ashe abin da muka yi wa a'uziyya yana bayan katangarmu, allo ne kawai ba shi da shi.

A watan Mayun 2018, bayan binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. NDLEA tana kame. To, amma jami'in hukuma ba ya kwana a zaurenka, Malam. Kai ne za ka san ƙarfe nawa ɗanka ya shigo, da kuma wanda ya rako shi.

Kada a fahimce ni a baibai, dariya ba laifi ba ce. Mun taso da 'yan kama a bakin kasuwa, da tashe idan azumi ya kai goma, da tsokanar taubasai, da wasan Fulani da Barebari wanda har gobe ba ya kai su ga faɗa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da Allah ya yi wa rasuwa a Disambar 2014, ya sa tsoho da jikansa sun yi dariya a kan tabarma ɗaya. Duk a fili ake yinsu, gaban manya, kuma idon babba shi ne linzami. Da muka bar dandali ya mutu ba mu kafa komai a gurbinsa ba, sai yaran suka kwashi dariyarsu suka kai ta duhu, inda mai sayar da ƙwaya ya riga su zama.

Don haka ina roƙon masu hali a cikinmu, da 'yan uwanmu ma'aikata da ke Dutse, da ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya: kowace unguwa ta samu fili ɗaya mai fitilar sola da benci, inda za a yi dara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo mai tsabta, a tashi kafin goma da rabi. Dattijo ɗaya ya riƙa zama, ba don tsawa ba. Limamai su taɓo zancen a huɗuba. Mai kemis ya ji tsoron Allah, kada ya miƙa wa yaro abin da likita bai rubuta ba. Iyaye mata, idan an kawo muku ƙarar ɗa, kada ku ce hassada ce.

Ni dai na riga na sami maƙwabcina mun yi magana a zaure, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba. Tabarma biyu da fitila ɗaya na ajiye, ranar Juma'a bayan isha'i za mu shimfiɗa a ƙofar gidana.