Daɗin Shayi da Zuhudun Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, wata rana a fadarmu ta ɗalibai ina ɗaga buta sama don kumfa ta tashi a finjali, sai wani aboki ya ce da ni: "Kai da kake ɗan ɗarika, ina zuhudun?" Muka yi dariya, amma maganar ta bi ni har ɗaki. Shin jin daɗin shayi yana rage wa muridi wani abu?

Ban ɓoye ba, ina son shayi. Ganyen nan da ake kawowa daga ƙasar Sin, a dafa shi sau uku kan gawayi: na farko da ɗaci da ƙarfi, na biyu ya lafa ya ɗauki ƙamshin na'a-na'a, na uku sai zaƙi. Ga kinkeliba lokacin buɗa baki, ga mai citta da kanumfari idan hunturu ya shigo. Wanda zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi har komai ya koma masa ɗaci, ya san harshen da ke bambanta waɗannan ni'ima ce daga Allah. Ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yana son zuma da abu mai zaƙi, kuma bai taɓa aibata abinci ba. Malamanmu ma da suka zo ba da suna ga sanin da zuciya ke samu, kalmar zauƙi suka zaɓa, wato ɗanɗano. Ko ka wuni kana siffanta na biyu ga wanda bai taɓa sha ba, bai san shi ba sai ya kurɓa.

Duk da haka abokina yana da gaskiyarsa. Dafuwa uku takan ci fiye da awa ɗaya. Sau nawa aka ɗora buta bayan la'asar ranar Juma'a, ana cewa "bari a sauke na uku", har zikiri ya yi nisa a zawiya? Ni kaina lokacin jarrabawa na sha na farko da tsakar dare don in yi karatu, barci ya ƙi zuwa sai gab da asuba, na farka rana ta fito. Jam'i ya wuce ni, lazimi kuma na yi shi ina gyangyaɗi.

Tun daga ranar na fahimci zuhudu aikin zuciya ne, kuma na sa wa kaina ma'auni: idan ladan ya kira salla ko lokacin wazifa ya yi alhali na biyu yana kan wuta, zan iya tashi ba tare da waiwaye ba? Ranar da na iya, sai in sha da bisimilla in gama da hamdala. Ranar da na ji nauyin tashi, sai in bar shayi kwana uku har zuciya ta dawo hannuna.

Allah Ya ɗanɗana mana zaƙin ambatonSa, Ya sa mu cikin bayinSa masu godiya. Amin.