Shara Shaida ce a Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɗora mana amanar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, jujin kowace al'umma yana faɗin halinta. Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 2018 cewa sharar da duniya ta tara a 2016 ta haura tan biliyan 2, kuma za ta kai biliyan 3 da miliyan 400 a 2050 in ba a canza hali ba. Mutumin Amurka ta Arewa yana zubar da fiye da kilo 2 kowace rana, mutumin Afirka kudu da Sahara kuwa giram 460 kacal. Ƙasashe masu arziki, da suke kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, su ke tara kashi 34 na shararta.

To, kada wannan ya sa mu wanke kanmu. Sharar yankinmu ce ta fi saurin ƙaruwa, ana hasashen ta kusa ninkawa uku kafin 2050, domin garuruwa suna ta cika. Can ana kwashe kusan dukkan shararsu, mu kuwa wadda ake kwashewa ba ta kai rabi ba. Sauran tana kwana a tituna da magudanan ruwa. Idan damana ta faɗi, ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidaje, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kama yara. Akuya ta haɗiye leda, ta rame, ta mutu.

Game da abinci kuma, Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 2024 cewa gidajen ƙasashe masu arziki da na masu matsakaicin hali kusan daidai suke wajen zubar da shi. Ashe almubazzaranci ba sai mai dukiya ba. Mu dubi tuwon da ake zubarwa bayan biki da suna, alhali maƙwabci ya kwana da yunwa.

Allah ya hana ɓarna a ci da sha cikin Suratul A'arafi, aya ta 31, ya kuma danganta almubazzarai da shaiɗanu cikin Suratul Isra'i, aya ta 27. Ya inganta cikin Sahihu Muslim cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. To ina matsayin mai zuba shi da hannunsa?

Ruwanda ta hana leda a 2008, ta tsaya kan hanin. Nijar ma ta yi doka a kan leda a 2014, amma ga ta nan a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Doka ba ta isa sai da tsoron Allah.

Saboda haka mu dafa gwargwadon buƙata, mu sadakar da abin da ya rage. Mu tafi kasuwa da kwando. Sauran abinci ya koma ga dabbobi, takinsu ya koma gona. Kowace unguwa ta sa ranar gayyar yashe magudanai kafin ruwan farko, limamai su shige gaba.

Allah ya tsarkake zukatanmu da gidajenmu, ya ba mu damana mai albarka. Amin.